Yadda Ake Karya Rundunar Rumawa a Wasan Field of Glory II

Ranar da na fara fuskantar Rumawa a wannan wasa, rundunar Kartaj, babbar abokiyar gabar Rum a Arewacin Afirka, na ɗauka. Na jera dakaruna a fili fetal, sahu ɗaya miƙaƙƙe, dawakai dama da hagu, na matsa gaba ina jiran a gwabza. Da aka yi karon farko, rukunai uku na tsakiyata suka girgiza nan take. Bayan zagaye biyu ɗaya ya tsere, na kusa da shi ya ga haka shi ma ya bi bayansa, kafin dawakaina su gama kewayowa an riga an tashi wasa. Abin ya tsaya mini a rai, domin da irin wannan runduna Hanibal, janar ɗin Kartaj, ya yi wa mutanen nan mugun kaye sau uku cikin shekara uku. Sai na koma na zauna da lissafin wasan, na yi ta maimaita yaƙin har na gane inda ƙarfin Rumawa yake da kuma inda ya ƙare.

Ga wanda bai san wasan ba, wasan yaƙi ne na kwamfuta, kamfanin Slitherine ne ya fitar da shi a 2017, Richard Bodley Scott ya tsara shi. Bi da bi ake yinsa kamar dara: ka motsa rukunanka duka, sannan abokin karawarka ya motsa nasa, filin kuma a yanke yake gida-gida. Ainihin wasan ya ɗauko daga shekara ta 280 zuwa ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin da Rum ta fito daga Italiya ta mamaye kewayen Bahar Rum. Duk shekarun yaƙe-yaƙen da zan ambata a nan na kafin haihuwarsa ne.

Ka fara da sanin abin da kake faɗa da shi

Wasan yana auna kowace arangama da makin fifiko, wanda yake rubutawa da haruffa uku, POA. Faɗan kansa kashi biyu ne. Akwai karo, wato daidai lokacin da rukunai biyu suka haɗu. Sai kuma gumurzu, wanda ke ci gaba zagaye bayan zagaye har wani ya karye.

Dakarun Rum suna samun maki 200 a karo da kowane irin sojan ƙasa. Mai mashi na yau da kullum, irin 'yan Afirkan da ke rundunar Hanibal ko masu garkuwar Girka, 100 yake samu. Wannan rata ita ce filum, mashin jifa mai dogon wuyan ƙarfe wanda sojan Rum ke wurgawa daga 'yan taku kaɗan kafin ya zaro takobi ya afka. Ga shi yawancinsu sun wuce matsakaici a horo, tsofaffin hannunsu kuwa sai dai addu'a. Wanda kuma ya sha kashi a karo da irin waɗannan dakaru, gwajin natsuwar da za a yi masa ya fi na kullum tsanani.

Natsuwar rukuni hawa huɗu ce. Yana nan daram, ko ya girgiza, ko ya tsattsage, ko ya tsere. Duk hawan da ya sauka, ƙarfin faɗansa na raguwa, idan ya tsere kuma maƙwabtansa sai an gwada tasu natsuwar. Abin da ya rushe mini tsakiya ke nan a wancan yaƙi.

To amma da zarar karo ya wuce, makin nan 200 ya tafi. Abin da ya rage wa Barume shi ne takobi, sulke da horo. Takobin kuwa rabin amfaninsa yake yi a kan masu mashin da ke tsaye daram, sai sun girgiza yake samun cikakkiyar hanya. Rukunin masu mashi da ya tsallake karo bai girgiza ba, zai iya riƙe lijiyon, wato rukunin dakarun Rum, zagaye da dama. Abu na biyu, Rumawa suna da tsada, saboda haka sahunsu gajere ne idan aka kwatanta da na yawancin abokan gabansu. Na uku, dawakansu kaɗan ne, kuma ba wasu na a-zo-a-gani ba. Duk abin da zan faɗa daga nan a kan waɗannan ukun ya hau: ka jinkirta karo, ka sa a yi shi a wurin da ba su so, kuma ka tabbatar lokacin da aka yi shi akwai mutanenka a kwiɓinsu.

Mataki na farko: fili kafin runduna

Wasan yana nuna maka taswira tun kana zaɓen rukunan da za ka saya. Mutane da yawa ba sa ko kallonta, su cika kwandonsu da abin da suka saba su danna a fara. Kada ka yi haka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zagaya da linzamin kwamfuta gida-gida a ɓangarenka da tsakiyar fili, ka ga me ke akwai.

Abin da kake nema na farko shi ne ƙasa mai gargada. Dakarun Rum masu nauyi ne, da sun shiga gargada sahunsu ya hargitse, a kurmi ko fadama kuwa abin ya fi muni. Matsakaitan dakaru, kamar 'yan Sifen masu doguwar garkuwa ko 'yan Tarakiya, gargada ba ta dame su ba. Rukunin da Barume zai tattake a fili cikin zagaye biyu, shi ne zai tsaya masa a maƙogwaro idan ya same shi a cikin duwatsu. Amma ka kula, juyin wannan ma gaskiya ne. Matsakaicin dakare da aka ritsa a fili fetal yana saurin karaya a gaban masu nauyi, don haka kada ka saye su da yawa idan taswirar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti.

Na biyu tudu. Ɗan gangare yana ba wanda ke sama maki 25, tudu mai tsayi sosai yana ba da 100. Ka kwatanta da lissafin da muka yi: mai mashi a kan babban tudu ya goge ratar karo gaba ɗaya. Idan ka samu tudun da kuma yake da gargada, ka samu gida. Na uku rafi ko kurmi da zai kare maka gefe ɗaya, domin ka tattara dukan dawakanka a ɗaya gefen. Kurmi kuma yana ɓoye rukuni har sai an matso kusa da shi. Hanibal ya yi amfani da irin wannan a Tirebiya a 218, inda ya ɓoye ƙanensa Mago da mutum 2,000 a cikin wani kwazazzabo, suka fito ta bayan Rumawa bayan faɗa ya kankama.

Mataki na biyu: me za ka saya

Jarabar da ke kama kowa ita ce ya sayi mafi tsadar dakarun da ke jerinsa don ya yi kafaɗa da kafaɗa da lijiyon. A ganina wannan ɓarnar kuɗi ce. Ba za ka fi su a wannan fage ba, kuma kana zubar da abin da ka fi su da shi, wato yawa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a nan, amma fa sai an san inda za a ajiye yawan.

Ni dai haka nake kasafta kuɗina. Tsakiya ta samu masu mashi daidai gwargwadon faɗin sahun Rumawa, tare da rukuni ɗaya ko biyu na ƙwararru da zan sa a inda na san matsi zai fi yawa. Sai rukunai biyu ko uku masu araha da za su tsaya a baya. Waɗannan ba don su ci kowa gaba da gaba na saye su ba, aikinsu yana zuwa. Sauran kuɗin ya tafi a dawakai masu nauyi, aƙalla ninki biyu na abin da nake tsammanin Rumawa za su kawo, da 'yan tsokana, wato masu jifa, masu majajjawa da maharba, waɗanda suka fi nasu yawa. Idan akwai giwa a jerin, ina ɗaukar ɗaya ko biyu.

Mataki na uku: jeri

Kada ka miƙe sahu ɗaya kamar yadda na yi. Ka zaɓi gefen da za ka ci yaƙi, ka zuba dawakanka masu nauyi a can kusan duka. Ɗaya gefen ka janye shi baya, ka jingina shi da rafi, kurmi ko tudu, ka bar masa 'yan dawakai marasa nauyi su riƙa ɓata wa abokin gaba lokaci. Tsakiya ta tsaya a baya gwargwadon yadda fili ya ba da dama. Sojan ƙasa mai nauyi gida biyu yake ci a zagaye, doki yana cin huɗu. Duk zagayen da Rumawa suka ɓata suna takowa, dawakanka sun yi ninkin tafiyarsu. Wanda ya matsa gaba ya tarye su, shi ya rage wa kansa wannan lokaci da hannunsa.

Rukunan nan masu araha ka ajiye su gida biyu bayan sahun gaba, ba kai tsaye a bayan wani ba, a saitin tsakanin rukunai. Idan ka manna su da bayan na gaba, za ka toshe masa hanyar ja da baya, kuma idan ya tsere su ma sai an gwada su.

Janar-janar ɗinka kuma kada ka bar su inda wasan ya ajiye su. Rukunin da janar ke ciki yana samun ƙarin maki 50 a faɗa, na kewaye da shi kuma sun fi jure gwajin natsuwa. Ka sa ɗaya a tsakiyar sahu inda karo zai fi zafi, ɗaya tare da dawakan da za su kewaya. Haɗarin shi ne idan aka kashe shi na kusa da shi duk sai sun girgiza ko sun kusa, don haka a rukuni mai ƙarfi za ka sa shi, ba wanda ka san zai faɗi ba.

Mataki na huɗu: zagayen tsokana

A gaban lijiyon akwai belites, samari masu mashin jifa. Su ne aikinka na farko. Ka tara musu harbi, ka sa dawakanka marasa nauyi su kore su, irin na Numidiya, maƙwabtan Kartaj, sun fi kowa iya wannan. Dalili biyu ne. Su ne maganin giwayenka, kuma muddin suna nan su za su sha kibiyoyin da ya kamata su sauka a kan lijiyon.

Da sun kau, ka zaɓi rukuni ɗaya tak na Rumawa ka zuba masa duk abin da kake da shi. Ba a rarraba harbi. Ɓarnar da aka yi wa rukuni a cikin zagaye ɗaya ce ke jawo masa gwajin natsuwa, saboda haka maharba huɗu a kan mutum ɗaya sun fi maharba huɗu a kan mutum huɗu nesa ba kusa ba. Wanda za ka zaɓa shi ne na ƙarshen sahu a gefen da dawakanka suke, ko kuma wanda horonsa ya fi rauni. Lijiyon da ya iso sahunka a girgize ya riga ya zubar da rabin abin tsoronsa. Ka tuna harbi mai cikakken ƙarfi na zagaye biyar ne kawai, daga nan makami ya yi ƙaranci, kuma wanda ya tsaya cik ya fi wanda ya taho da gudu saiti. Ba a kuma harbin rukunin da ya riga ya shiga gumurzu, don haka duk abin da za ka yi da baka ka yi shi kafin a haɗu.

Idan da kwamfuta kake wasa, na lura tana yawan juyar da rukuni ɗaya ko biyu su bi 'yan tsokana. Ka bar su su bi. Lijiyon mai tsada da ke yawo a bayan masu majajjawa a ƙarshen taswira, tamkar ka kashe shi ne ba tare da ka zubar da jini ba. Ɗan Adam ba ya faɗa wa wannan da sauƙi, amma shi ma dole ya ware wani ya tsare bayansa, sahunsa ya ƙara gajarta.

A wannan lokacin ne kuma dawakanka masu nauyi za su afka wa na Rumawa, biyu a kan ɗaya. Sai dai doki idan ya kori abokin gaba yakan bi shi, wani lokaci har ya fice daga taswira, kai kuwa ba ka da iko a kansa sai ya dawo. Shi ya sa nake barin rukunin dawakai ɗaya ko biyu a baya ba su shiga wannan faɗa ba. Su ne za su yi ainihin aikin.

Mataki na biyar: karo, da abin da ke biyo bayansa

Idan sun iso, ka tsaya. Kada ka bar tudunka ko gargadarka don ka riga su kai hari, makinsu na karo yana nan ko su suka zo ko kai ka je. Kafin ka taɓa komai ka ɗora linzami a kan abokin gaba, wasan zai nuna maka yiwuwar ci, kunnen doki da faɗuwa, a karo da kuma a gumurzu. Ka saba da karanta wannan. Ja da baya kana fuskantarsu yana yiwuwa, amma idan sun riga sun kusa da za su iya kawo hari, sai an gwada natsuwarka, don haka ba abin yi ba ne da rukuni mai rauni.

Wasu rukunanka za su girgiza. Wannan ba makawa, kada ya tayar maka da hankali. Ko a Tirebiya, inda Rumawa suka sha kashi, kimanin mutum 10,000 daga cikinsu sun fasa tsakiyar Hanibal sun wuce.

Ga inda wasan ya yi kyau. Idan Rumawa ne suka kawo hari kuma suka yi rinjaye sosai, sukan tura rukuninka gida ɗaya baya su bi shi. Mai wasan ba shi da ta cewa, da kansu suke bi. Lijiyon da ya yi haka sau ɗaya ko biyu ya fita daga sahun 'yan'uwansa, ya kutso cikin naka, kwiɓinsa biyu a buɗe. Nan ne rukunan nan masu araha da ka ajiye a baya za su biya kuɗinsu.

Wannan shi ne abin da ya faru a Kannai a 216. Masanin tarihi Folibiyus ya ruwaito cewa Rumawa sun zo da sojan ƙasa kusan 80,000, Hanibal yana da kusan 40,000, amma dawakansa 10,000 ne, nasu 6,000. Ya sa 'yan Gol da 'yan Sifen a tsakiya sun turo ciki gaba kamar jinjirin wata, 'yan Afirka masu mashi a gefe biyu. Rumawa suka yi ta tura tsakiyar tana ja da baya, har suka wuce saitin 'yan Afirkan, su kuwa suka juyo suka rufe su dama da hagu. Hasdurubal, shugaban mahayan Hanibal, wanda ya riga ya kori dawakan Rum, ya hana mahayansa bin masu gudu, ya dawo da su ta baya. Ƙarfin da Rumawa suka tura tsakiya da shi, shi ya kai su cikin buhu.

Mataki na shida: dukan kwiɓi

Nan nake so ka fi mai da hankali, don a nan yawancin masu koyo suke kuskure. Dokar ita ce, idan rukuni yana cikin gumurzu aka kai masa hari ta kwiɓi ko ta baya, natsuwarsa tana sauka hawa ɗaya nan take, babu gwaji, babu sa'a, komai ƙwarewarsa. Tsohon hannun da ya gagari kowa, da an yi masa haka ya girgiza. Sannan a yi karo da sabon maharin, inda zai iya ƙara sauka. Na sha ganin lijiyon ya tashi daga daram zuwa gudu a zagaye guda.

Amma akwai sharuɗɗa. Na farko, mai kai harin dole ya fara zagayensa yana bayan layin gaban wanda zai kai wa harin. Idan ka faro daga gabansa ka lanƙwaso ka buge shi a gefe a zagaye ɗaya, wasan ba zai lissafa shi dukan kwiɓi ba. Ke nan aikin zagaye biyu ne: yau ka ajiye rukuni a wurin, ka juya shi ya fuskanci abin harinsa, gobe ka buga. Na biyu, sai wanda za a buga yana riƙe a faɗa da wani. Idan yana sake, za ka samu fifiko a karo amma natsuwarsa ba za ta faɗi kai tsaye ba. Don haka idan kana da rukunai biyu a kan lijiyon ɗaya da ba ya faɗa da kowa, ka fara tura na gaba ya riƙe shi, sannan na gefe ya buga, ba akasin haka ba. Na uku, marasa nauyi ba sa jawo wannan faɗuwa a kan masu nauyi. Dawakan Numidiya ba za su yi maka wannan aiki ba, su dai jifa da farautar wanda ya riga ya tsattsage.

Sai batun hurumi. Kowane rukuni yana tsare gidan da yake fuskanta da biyun da ke gefen wannan gida, abokin gaba da ya shiga ciki ba ya iya ratsawa ya wuce yadda ya ga dama. Mai wasan Rum da ya san hannunsa zai ajiye tiriyari, tsofaffin masu mashin sahu na uku, a bayan ƙarshen sahunsa don huruminsu ya tare dawakanka. Rukunansu ƙanana ne amma masu taurin kai. Kada ka ɓata dokinka a kansu gaba da gaba. Ka sa rukuni ɗaya ya shiga gabansu ya ɗauke musu hankali, na biyu ya zagaye. Kai ma ka yi amfani da wannan doka: barade masu dogon mashi da suka tsaya a gaban lijiyon suna iya daskarar da shi wuri ɗaya, domin sojan ƙasa da ya afka wa irin waɗannan mahaya yana rasa makinsa na karo.

Da rukuni ɗaya ya karye a ƙarshen sahu, wanda yake faɗa da shi ya samu sake. Kada ka tura shi gaba. Ka juya shi ya fuskanci kwiɓin lijiyon na gaba, zagaye mai zuwa ya buga. Haka za ka yi ta naɗe sahun kamar tabarma.

Idan rundunarka ba ta Kartaj ba ce

Mai riƙe da Makidoniya ko wata daular magadan Iskandar yana da abin da kowa ba shi da shi: falans, dakaru masu mashin da ya kai mita biyar ko fi, a jere sahu goma sha shida. A fili fetal su kaɗai ne ke karɓar karon Rumawa kusan kai da kai, a gumurzu kuma su fi su. A nan shawarar fili ta juye, kai ne mai gudun gargada. Kuma sun fi lijiyon tsada, don haka kai ne mai gajeren sahu. Abin da ya ci Filibus na Biyar, sarkin Makidoniya, a Kinoskefalai a 197 ke nan, lokacin da wani hafsan Rum ya ɗebi ƙananan rukunai 20 ya faɗa wa falans ta baya. A Fidina a 168 kuwa falans ɗin ɗansa Farsiyus ta tura Rumawa har kan ƙasa mai gargada, sahu ya tsage, masu takobi suka shiga ta kafofin. A wasan ma falans tana bin wanda ta tura, saboda haka kowace tana bukatar rukuni mai araha a bayan kafaɗarta.

Giwa tana cikin 'yan abubuwan da ke karo da lijiyon ba tare da jin tsoro ba. Da giwaye Firus, wani sarkin Girka, ya ci Rumawa a Hiraklea a 280, da su kusan 100 kuma Zantifus, jagoran rundunar Kartaj, ya tattake rundunar janar ɗin Rum Regulus a 255. Amma a Zama a 202 janar ɗin Rum Sikifiyo ya buɗe wa giwayen Hanibal 80 hanyoyi a cikin sahunsa, aka yi ta jifansu suna wucewa. Ka ɓoye giwarka a bayan 'yan tsokana har belites su kau, ka sa ta tsakanin rukunan dakaru biyu, ka nisanta ta da dawakanka don tana hargitsa su. Ba ta da tabbas, tana iya karya ƙwararru, tana iya tserewa a gwaji ɗaya.

'Yan Gol da Jamusawa suna da makin karo irin na Rumawa, kuma rukunansu manya ne. Rauninsu rashin sulke, wahalar juyawa, da bin duk wanda ya gudu. Da su kam ba ka da dogon lokaci, ka tara su a gefe ɗaya su fi yawa a can.

Fartiyawa, mutanen yankin Farisa, kuwa wani wasa ne daban. A Karrai a 53 janar ɗinsu Surena ya zo da mahaya kusan 10,000 kacal ya hallaka lijiyon bakwai na janar ɗin Rum Kirasus. Yawancinsu maharba ne a kan doki, sai kimanin 1,000 masu sulke har da dawakansu, irin abin da mu za mu kira 'yan lifidi, sai dai nasu na ƙarfe ne. Surena yana da raƙuma ɗauke da kibiyoyi, kai ba ka da su, zagaye biyar ɗin nan ne jarinka. Kada ka ɓata su a kan belites daga nesa. Ka kewaye gefe ɗaya, ka tara harbi a kan rukuni guda har ya girgiza, masu sulke su afka masa, sauran su matsa kan na gaba. Ka riƙa duba bayanka, don maharbin da aka matse da bakin taswira idan ya kauce wa hari ficewa yake yi.

Lissafin ƙarshen yaƙi

Ana cin yaƙi idan kashi 40 cikin 100 na rundunar abokin gaba sun tsere kuma ka ba shi ratar kashi 25, ko kuma idan ya kai kashi 60 ko da babu wannan rata. Ka riƙa kallon alƙaluman nan biyu a saman allo. Idan kana gaba, ka janye rukunanka da suka tsattsage daga inda za a same su, sukan farfaɗo idan aka bar su su huta, kuma kowane ɗaya da ka ceta yana riƙe maka ratar. Masu gudu ma sukan dawo hayyacinsu, don haka dawakanka marasa nauyi su bi lijiyon da ya tsere kada ya samu sukunin tsayawa.

Da na koma wancan yaƙi na Kartaj bayan na fahimci waɗannan, na samu taswira mai ɗan tudu da gargada a hagu. Na sa 'yan Sifen biyu a kai, masu mashi huɗu a fili kusa da su, dawakai biyar a dama. Tsofaffin hannun Rum suka tura rukunina na tsakiya gida biyu baya, ya tsattsage, saura ƙiris ya tsere. A daidai gefensu akwai wani rukunin masu mashi mafi araha a duk rundunata, wanda tun farkon yaƙi bai motsa ba. Na juya shi a zagaye na tara, na buga a na goma. A na goma sha biyu dawakan da na ajiye suka iso ta baya, alƙalami ya nuna 43 da 16.